Yadda ake yashe tsohuwar rijiya a gyara ta, ruwanta ya kai mu damana

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ba sai an ba shi labarin ruwa ba, pompo ya ɗauke kwana da kwanaki, biduna jere tun asuba, mata da yara na zaman dare suna jira ko Allah zai sa ya zo ƙarfe 2 ko 3, 'yan garuwa kuma kuɗin kura ya hau. Abin ya daɗe. Garin bisa dutse yake zaune, manyan duwatsun nan da muke gani a unguwar Birni irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, kuma dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsaga, shi ya sa ruwan pompon ma daga nesa ake jawo mana shi, Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Ko lokacin da Faransawa suka maida babban birni Yamai a 1926 ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake faɗa.

To amma da ka fita gari ka yi kudu, wajen Dogo, Bande, Magarya, Matamai, kwarin Korama dai, ruwa kusa yake, wani wuri gaba 2 ko 3 ka same shi. Ƙauyen mahaifina ta can yake kuma rijiyarmu ta gado can take, na ga an yashe ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, na riƙe igiya da hannuna. Abin da ke damuna shi ne yanzu kowa foraj yake mafarki, tsofaffin rijiyoyi an bar su suna ruftawa, wasu ma an maida su bola, alhali ran da injin foraj ya lalace ko sola ta ƙone rijiyar nan da aka raina ita ake komawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake aikin daga farko har ƙarshe, kamar yadda na gani wajen magina da kuma abin da na koya wajen ma'aikatan ruwa.

Fara da awo, tun kafin ka kira magini

Wannan shi ne abin da kowa ke tsallakewa kuma shi ne uwar aikin. Ka samu igiya wadda ba ta miƙewa, ka ɗaura ɗan dutse ko guntun ƙarfe a bakinta, ka yi ƙulli kowace mita ɗaya, tsakanin ƙulli da ƙulli ka sa alamar rabi da zare mai launi. Tsofaffinmu da gaba suke awo, gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa mita 2 amma ba ta kai ba, kuma gabar kowa daban, don haka gara mita. Ka yi zane ɗaya a bakin rijiya wanda daga nan za a riƙa awo kullum, kar yau a auna daga gabas gobe daga yamma.

Abu 3 za ka auna. Faɗin rijiyar daga ciki. Daga baki zuwa saman ruwa, wato inda ka ji dutsen ya ce ɓul. Sai daga baki zuwa ƙasa inda igiya ta saki. In ka cire na biyu daga na ukun ka san tsawon ruwan da ke ciki. Ka yi awon da magariba bayan an gama ɗiba, ka roƙi jama'a kar a taɓa ta cikin dare, ka sake yi da asuba kafin guga na farko ya shiga. Bambancin nan shi ne abin da rijiyar ta tara maka a dare guda.

Lissafin ba wuya. Rijiya mai faɗin mita 1, kowace mita ta ruwa lita 785 ce. Mai faɗin mita 1 da santimita 40, lita 1540 ko kusa. Manyan nan na siminti irin na OFEDES, tsohon ofishin gwamnati mai gina rijiyoyi, masu faɗin mita 1 da 80, sun ɗan haura lita 2500. A ce taka mai 1 da 40 ce, da magariba ruwan santimita 60 ya rage, da asuba ka tarar da mita 2 da 10, kenan mita ɗaya da rabi ta dawo, lita 2300 da 'yan kai, tano 11 da rabi na lita 200 kenan, ko bido 92 na lita 25. In mutum guda zai ci lita 20 a yini na sha da dahuwa da wanka ka ga mutum ɗari da 'yan kai ne ruwan daren zai ɗauka, ban da shanu, don saniya guda a zafin bazara tana shan lita 30 zuwa 40 ba ta ji komai ba. Ka rubuta a littafi da kwanan wata. Wallahi ɗan littafin nan ya fi wani kayan aikin amfani, za ku gani a gaba.

Lokacin aiki kuma ƙarshen bazara ne, Afrilu zuwa Mayu, sa'adda ruwa ya ja baya iyakar jansa. Wanda ya yashe ko ya ƙara zurfi da kaka zai ga ruwa tsundum ya yi murna, bazara na zuwa ya tarar da laka. In ka samu ruwan da ya ishe ka a Mayu to sauran shekara ka huta. Sai dai kar ka bari hadari ya fara haɗuwa, don ruwan sama na farko in ya tarar da bakin rijiya a buɗe da ƙasa a tule gefe duk zai maida maka ita ciki.

Kafin ranar a zauna da mutane. In rijiyar gari ce mai gari ya sani, in akwai gardama kan wanda ya mallaki wurin a je wajen kofo, wato kwamitin nan na harkar filaye da ke ƙauye da kuma meri, a rubuta. Niger na da dokar ruwa tun 2010, kuma in sabuwar rijiya ce babba ko foraj ko wadda makiyaya ke shayarwa gara a tambayi ofishin ruwa kafin a kafa diga. Dan Allah a sa mata cikin zaman, su ne suka san ƙarfe nawa ruwa ke ƙarewa, su suka san ran da ɗanɗanonsa ya sake ya koma zartsi. A nan ne kuma ake yanke kuɗin da kowane gida zai zuba, da wanda zai riƙe asusu, da wanda zai dafa wa ma'aikata abinci, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ka kuma zaga wurin da ƙafa ka duba. Masai, bola, turken dabbobi, kwatar wanka, duk su yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma su kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A ƙasar rairayi irin ta Korama da ruwa ke kusa in da hali a ƙara a kan 30 ɗin, don rairayi ba ya tare komai. In ka tarar da masai dab da rijiya to sai an zaɓi ɗaya, ba wani jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, da zai gyara wannan.

Ranar yasa

Nan zan daɗe, don nan ake rasa rai. Ba a yasar rijiya da mutum biyu. Aƙalla mutum 6, ɗaya a ciki, biyu kan igiyar mutumin da ba su da wani aiki sai ita, biyu kan igiyar guga, ɗaya babba yana tsaye yana kallon na ciki yana yi mishi magana. Igiya biyu daban, ta mutum sabuwa mai kauri a ɗaura ta jikin icce mai ƙarfi ko turken da aka kafa sosai, a ɗaura mishi ita a ƙugu da ƙirji kuma ba ya kwance ta ko ya sauka ƙasa. Ya sa hular kwano ko ta babur ce, don tsakuwa 'yar ƙarama in ta faɗo daga gaba 10 tana fasa kai. A share bakin rijiya tas, ba dutse ba takalmi ba kwano, yara a kore su nesa.

Da farko a kwashe ruwan. Da guga ake yi, hannu da yawa, tun sassafe. In za a sa inji to injin ya tsaya a waje, nesa da baki, hayaƙinsa na bin iska yana barin rijiyar, tiyo kaɗai ke shiga. Ƙananan injinan nan na ban ruwa ba sa iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, shi ya sa za ka ga wasu sun ɗaure inji sun zura shi cikin rijiya don ya kusanci ruwan. Jama'a ku ji tsoron Allah ku bar wannan. Hayaƙin inji na da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana taruwa a ciki, mutum ya sauka ya ji kai ya yi nauyi ya zube, ɗan uwansa ya ga haka ya bi shi don ya ceto shi ya zube shi ma, haka ake rasa mutum biyu uku 'yan gida ɗaya a yini guda. In rijiyar ta fi ƙarfin injin a koma guga ko a nemo pompo na lantarki mai nutsewa.

Bayan an kwashe sai gwajin iska. Tsohon maginin da ke yi mana aiki, baba muke ce mishi duka garin, ba ya yarda kowa ya sa ƙafa sai ya kunna kyandir cikin gwangwani ya zura da siririyar igiya a hankali. Na taɓa leƙawa tare da shi, wutar na tafiya tana haska bango, ta wuce gaba 4 lafiya, ta wuce 5, wajen ta 6 sai ta fara ƙanƙancewa ta yi shuɗi-shuɗi ta mutu, ba iska ba komai. Bai ce uffan ba, ya sa aka saro reshen dogon yaro mai ganye da yawa aka ɗaure da igiya, samari suka yi ta jefa shi suna jawowa da sauri kamar rabin awa, ya sake zura kyandir, sai da wutar ta kai ƙasa ta zauna tana ci sannan ya ce bismilla. In wuta ta mutu iskar numfashi ce babu. Amma ku riƙe wannan, kyandir ba ya nuna gubar hayaƙin inji, wuta na iya ci lafiya lau gubar na nan, don haka rijiyar da hayaƙi ya shiga a bar ta ta sha iska sosai, a yi ta kaɗa ganye, gara ma a bari sai washegari.

Na ciki ya sauka da ƙaramar shebur da kwano, yana cika guga ana ja. Duk sa'adda guga zai hau ko zai sauko ya manne da bango, kar a cika guga fal, kuma a duba ƙullin guga kowane 'yan ja. Kar ya wuce rabin awa a canza shi. In ya ce kai na sara ko ya daina amsa magana a jawo shi nan take da igiyarsa, kuma ko me ya faru ba mai sauka bayansa ba igiya.

Abin da ke fitowa sai ka riƙe baki. Baƙar laka mai wari, tsofaffin guga na roba, ruɓaɓɓiyar igiya, silifa, kwanon sha, leda kamar an zuba da gangan, wani lokaci ƙashin kaza ko na ɓera. A kai lakar nesa, gona ta fi, kar a tula ta a baki. A ci gaba har a kai asalin rairayi mai haske ko tsakuwa, inda za ka ga ruwa na tsattsafowa garau daga gefe da ƙasa, idon rijiyar kenan da laka ta toshe. Sau da yawa rijiyar da ake cewa ta ƙafe ba ta ƙafe ba, shekara da shekaru ne ba a yashe ta ba.

Amma kar a yi ta kwasar rairayi ba tsayawa. In ka ga kana kwasa yana ƙara kwararowa daga ƙarƙashin bango to kogo kake yi a bayan bangon, kuma kogon nan shi ke rufta rijiya. A tsaya nan.

Bango da ƙarin zurfi

Tsofaffin rijiyoyinmu da icce ake ɗaure su, kirya aka fi so don gara ba ta cinta da wuri, a jera a cusa ciyawa a baya. Ta yi wa kakanninmu aiki amma yanzu kiryar ma ina take, kuma iccen in ya ruɓe yana ɓata ruwa. In da hali a sa zoben siminti, wanda magina ke kira buz. Haɗin da aka saba shi ne buhun siminti 1, baro 1 na rairayi mai tsabta, baro 2 na tsakuwa, da ƙarfe mai lamba 6 ko 8 a ciki. Bayan an cire daga abin zubi a yi ta jiƙa su safe da yamma aƙalla kwana 7 a rufe da buhu ko tabarma, kuma a bar su su yi sati 3 ko 4 kafin a zura. Mu an taɓa cutarmu a nan, wani da aka ba aikin ya rage siminti ya bar su a rana ba jiƙo, wajen zurawa biyu suka fashe a hannu, kuɗin da mata suka tara da sana'ar ƙuli-ƙuli da sayar da kaji ya tafi a banza, har yau in na tuna raina na ɓaci. Ku sa mutum naku ya tsaya a ƙirga buhu a gabansa.

Zoben da za su zauna cikin ruwa su ne masu ƙananan huda a jiki don ruwa ya shigo, kuma sun fi na sama ƙanƙanta yadda za su wuce ta cikinsu. Ana ajiye na farko a ƙasa daidai, a duba da ma'auni kar ya karkace, magini ya shiga ciki yana ginar rairayin ƙarƙashinsa zagaye daidai wa daida, zoben na nutsewa da nauyinsa, a ɗora na biyu a ɗaure su da juna a ci gaba. Haka ake ƙara zurfi ba tare da bango ya zubo kan mutum ba. In aka samu ruwa mita 2 zuwa 3 a Mayu an gode Allah. A zuba wankakkiyar tsakuwa a bayan zoben masu huda, a shimfiɗa kamar santimita 20 zuwa 30 a ƙasan rijiyar don guga ya daina tada rairayi. Zoben sama kuma, mita 3 na farko daga baki, a toshe duk haɗinsu da siminti, a dandaƙe yumɓu a bayansu, don ta nan ƙazamin ruwan sama ke silalowa.

In kana kusa da gari ko wajen Damagaram Takaya ka gina ka ci karo da dutsen nan mai ƙarfi, diga na tartsatsi, kar ka ƙarar da kuɗinka a kai. A tsaya a gyara abin da ke akwai. Arewa kuma wajen Tanut rijiyoyin masu zurfi ne ƙwarai, can aikin ƙwararru ne da kayan aiki, wannan bayanin nawa na gajerun rijiyoyi ne.

Baki

A ɗaga baki ya kai ƙugun babban mutum, santimita 80 ko kusa, yaro ba zai faɗa ba akuya ba za ta leƙa ba. A zuba daɓen siminti zagaye, faɗin mita ɗaya da rabi zuwa 2, a ɗan karkata shi waje, da 'yar magudana da za ta ja ruwan da ya zube kamar mita 10 ta kai shi komin dabbobi ko ramin da aka cika da duwatsu, ko kuma gindin ayaba da zogale. A yi murfi, a yi shinge da ƙofa. A kafa sanda biyu da gicciye a rataya puli, ƙarfen nan mai gara da igiya ke bi, ya rage wa mata ciwon baya kuma igiya ta daina cin bakin rijiya.

Guga kuma ya zama guda na rijiyar, da maratayinsa, ba ya taɓa ƙasa shi da igiyarsa. Na san wannan ke da wuyar karɓuwa don kowace mace ta saba zuwa da nata, amma ku tsaya ku kalli igiya tana jan ƙasa cikin caɓi da kashin awaki sannan a maida ta cikin ruwan da jariri zai sha. Rijiya ta bayar guga ya hana kenan. Iyayenmu na Mirya da kewaye sun san wahalar kurkunu, mutum ya kwanta damana guda bai yi noma ba, kuma tace ruwa da gyaran wuraren ɗiba na cikin abin da ya kore ta har aka tabbatar a 2013 Niger ta rabu da ita. Zawo da kwalara kuwa suna nan ba su je ko'ina ba.

In an gama gini a wanke bango da ruwan jabel da tsintsiya mai dogon hannu, a zuba maganin cikin rijiyar a motsa da guga, a rufe ta kwana guda ba mai ɗiba, washegari a yi ta kwasa ana zubarwa har warin ya ragu sosai. Ƙarfin jabel ya bambanta, na ruwa daban na gari daban, don haka ka ɗauki lissafin litar da ka yi ka kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin CSI ko ofishin ruwa su faɗa maka adadin. A gida kuma ruwan sha a sa mishi Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, yadda aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30, randa da murfi, moɗa guda.

Yanzu sai ɗiba da hankali

Ruwan rijiya gajera ruwan sama ne da ya nutse, ba wani kogi ba ne da ba ya ƙarewa. Damagaram ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, Magarya ya ɗara haka, kuma duk cikin wata 3 zuwa 4 yake zuba. Milimita 400 a kan hekta guda lita miliyan 4 ce, tano dubu 20, sai dai mafi yawansa rana da iska da tsirrai ke shanyewa, wani ya gudu kwari, kaɗan ne ke kaiwa ƙasa. Wannan kaɗan ɗin muke rabawa mu da maƙwabta duka, don rijiyarka da ta maƙwabcinka randa ɗaya suke sha.

Da can da guga da jigo ake ban ruwa, ƙarfin mutum ke ƙarewa kafin ruwan ya ƙare. Yanzu inji guda na iya zuƙe tano 100 a awa, sola kuma tun fitowar rana har faɗuwarta tana aiki ko ana buƙata ko ba a buƙata tunda ba mai ake saye ba, ka ga tanki na ambaliya ba mai kashewa. Ban ce a bar inji ba, rake da albasa da kabeji da tumatirin Korama da Gidimuni su ke ciyar da gidaje da yawa. Amma a yi ƙa'ida. Kar a zuƙe rijiya ƙarƙaf, a bar aƙalla rabin mita, don zuƙewa da ƙarfi na jawo rairayi ta yi kogon nan da na faɗa. A sa abin da ke kashe pompo in tanki ya cika. Ban ruwa da sassafe ko yamma lis, komaye ƙanana, a rufe ƙasa da kara ko ɓawon gyaɗa, a zuba taki don ƙasa mai taki ta fi riƙe laima, ruwa ya bi tiyo maimakon doguwar hanyar rairayi da ke shanye rabi kafin ya isa. Masu garka da ke kusa da juna su raba lokaci, kar inji 5 su tashi tare. Kuma kafin ka gina sabuwa dab da ta wani ka je ku yi magana.

Nan littafin zai yi aikinsa. Ranar 1 ga kowane wata da asuba a auna daga zanen nan zuwa saman ruwa a rubuta. Shekara ta farko ba za ka ga komai ba sai hawa da sauka, ruwa ya hau bayan Agusta ya yi ta sauka har Mayu ko Yuni. Amma in ka jera Mayun bana da na bara da na bara waccan ka ga kullum ƙasa yake yi ko da damana ta yi kyau, to ɗiba ta fi shiga, a zauna a rage faɗin garka ko a koma shukar da ba ta shan ruwa da yawa, kuma na sha da na dabbobi shi ne gaba. In kuwa asubar ce ruwan ba ya dawowa kamar da alhali rijiyoyin maƙwabta lafiya, ido ne ya toshe, lokacin yasa ya yi. Rijiyar rairayi da ake ɗiba sosai kowace shekara ko shekara biyu take so.

Sai maida wa ƙasa. Duk ruwan da ka tsayar a gona ya nutse maimakon ya gudu, rijiya ka yi wa ajiya. A fako mai tauri da ke tudun rijiya a gina rami mai siffar rabin wata, faɗin mita 4, zurfi kamar taƙi guda, bakinsa na kallon tudu, layi na biyu ya tare ratar na farko, ma'aikatan gona na lissafa 313 a hekta. A gonar hatsi mai tauri a yi tassa, 'yan ramuka da taki a ciki. Inda akwai duwatsu a jera su a gicciye gangare. A jigawa ba a buƙatar wannan don rairayi na shanye ruwa da kansa, can abin yi shi ne a bar icce ya tashi ya riƙe ƙasa, kamar yadda manoman Mirya da Magarya da Matamai suka bar gawo ya cika gonaki har baƙi na zuwa kallo. Tabkunan da ke kewaye da gari da ƙauyuka kuma a daina cika su da shara ana yanka filaye a kai, rijiyoyin da ke kusa da su daga nan suke samu. Ba a damana guda ake ganin amfanin wannan ba, sai an jera shekaru, kuma littafin ne zai nuna.

Rijiyar da ta mutu ba gyara kar a bar ta buɗe, kuma dan girman Allah kar a maida ta masai ko bola, don duk abin da aka zuba ciki kai tsaye yake sauka cikin ruwan da sauran rijiyoyin unguwa ke sha. A cika ta da rairayi mai tsabta, mita 2 na sama a dandaƙe yumɓu, a rufe da siminti.

Tamu in Allah ya kai mu ƙarshen Afrilu za a sake shiga, an riga an sayi igiya sabuwa, littafin kuma yana hannun ƙanwar babana don ita ke fara zuwa rijiya kowace asuba.